Malam Salmanu da Maɓallai Takwas

Shekara talatin da huɗu Malam Salmanu ya yi yana gyaran rediyo a 'yar rumfarsa ta bakin tasha a Birnin Gwari, kuma cikin duk abin da ya koya babu wanda ya zauna masa a kai kamar wannan: maɓallin da ka murɗa ya yi ta zagayawa bai tsaya ba, to ya mutu. Maɓalli mai lafiya yana da farko yana da ƙarshe. Ka murɗa hagu ya tsaya, ka murɗa dama ya tsaya. In ya wuce haka, haƙorin cikinsa ne ya karye. Ubangidansa ya koya masa wannan a Zariya, shi ma ya koya wa mutum goma sha ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya ce ƙarya ne.

Matsalar dai ita ce rediyo ta ja baya a gari, kowa ya koma waya. Makiyayan da a da suke shigowa ranar kasuwa da rediyo rataye a kafaɗa, yanzu sai su wuce shi su yi layi a shagon Obed mai gyaran waya, su ɗago masa hannu daga nesa su ce, "Sannu da hutawa, Malam." Wannan gaisuwa ta fi zagi ci masa rai. Kullum da safe yakan share tebur, ya jera sukudireba da filaya, ya ɗora ƙarfen dalma a kan gawayi, har la'asar ta yi bai narka komai ba. Ba yunwa ke damunsa ba, 'ya'yansa sun tsaya masa. Tsoronsa ɗaya ne, kada a ce hannun nan nasa ya gama aiki alhali mai shi yana raye.

Ran wata Litinin sai ga Abdulfattah, mijin autarsa Jannatu, ɗauke da wani abu nannaɗe cikin tawul. Abdulfattah mai haɗa kiɗa ne, yana da ɗan situdiyo a zauren gidansa a unguwar Magajin Gari, inda yake yi wa mutane waƙoƙin biki da na talla. Tun daga bakin rumfa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa. Shekara biyu da auren, bai taɓa yarda ya haɗa ido da surukinsa ba.

"Baba, barka da rana. Dama bakin da ake soka wayar kwamfuta ne yake ɗan rawa. Na ce ko za a duba mini in an samu sarari."

In an samu sarari! Salmanu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya san sarai Obed zai yi wannan aiki cikin minti biyar, ya kuma san bakin wa ke ciki. Auta ce ta ce a kai wa Baba, yana zaune babu abin yi. Wato aikin tausayi aka kawo masa. Ya dai daure ya ce, "Ajiye nan, Malam Abdul. Ka dawo jibi."

Da yaron ya tafi ya warware tawul. Na'ura ce baƙa, shimfiɗaɗɗiya, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, da haƙora farare da baƙaƙe irin na fiyano, sannan daga sama maɓallan murɗawa guda takwas a jere, kowanne da hularsa ta roba. Bakin wayar kuwa ɗigon dalma biyu ya wadace shi, kafin shayinsa ya huce ya gama. Yana goge ƙurar jikinta ne yatsansa ya sauka a kan maɓalli na farko, ya ɗan murɗa.

Wayyo daɗi! Tunda yake bai taɓa taɓa irinsa ba. Bai yi sako-sako ba, bai yi tauri ba, yana da wani ɗan nauyi mai laushi kamar ana juya cokali cikin zuma. Salmanu ya lumshe ido ya ci gaba da murɗawa, yana jiran inda zai tsaya. Zagaye ɗaya, shiru. Zagaye uku, shiru. Ya buɗe ido ya kai goma, abu dai tafiya yake. Ya kama na biyu, haka. Na uku, haka. Duka takwas ɗin babu mai burki, kuma ko ɗan zanen da ke nuna inda maɓalli ya dosa babu a jikinsu.

"Inna lillahi! An cuci yaron nan," in ji shi. Amma wanda ya kalli fuskarsa a lokacin ba zai ce jaje yake yi ba, domin bakinsa har kunne. Abin nema ya samu! Maɓalli takwas matattu, mai su bai ma sani ba, ko kuma ya sani kunya ta hana shi faɗa. Ga aikin da Obed ko a mafarki bai isa ya yi ba. Zai gyara su tsaf, ba zai ce komai ba sai an zo karɓa, a nan za a san da tsohuwar zuma ake magani.

Rashin sani dai ya fi dare duhu. Maɓallan nan lafiyarsu ƙalau, haka aka ƙera su. Ba sa gaya wa kwamfuta inda suka tsaya, sai dai wane gefe aka juya su da kuma yawan juyin. Shi ya sa maɓalli ɗaya zai ƙara sauti yanzu, an jima ya koma ɗaga muryar kiɗa ko sauke ta. In aikin mai laushi ne, sai mutum ya yi zagaye huɗu ko biyar kafin murya ta gusa taki ɗaya, kuma wannan doguwar tafiyar ita ce duk darajarsu. Babu wanda ya gaya wa Salmanu, shi kuma ba mutum ne mai tambaya a kan maɓalli ba.

Kwana biyu rumfar ta dawo da rai. Ya samo wayar ƙafar keke ya yayyanka guntu-guntu, ya gasa kowanne a wuta ya soke shi a gindin hular roba. Ya huda ɗan rami a fuskar na'urar kusa da kowane maɓalli, ya dasa 'yar ƙusa daga cikin gawawwakin rediyonsa, yadda in an murɗa, waya za ta zo ta daki ƙusa ta tsaya. Sannan ya tsoma tsinken tsintsiya a farin fenti ya ja wa kowace hula layi, ya zagaye ta da lambobi daga sifili zuwa goma, ƙanana, tsaf-tsaf. Yana yi yana 'yar waƙa, har mai shayi ya tambaye shi ko an yi masa haihuwa ne. Obed ya leƙo ya ce, "Baba Salmanu, an kuwa tambayi mai kayan?" Salmanu ya ce masa ya koma ya ji da gilasan wayoyinsa, wannan aikin manya ne.

Ran Laraba da la'asar Abdulfattah ya zo, ya durƙusa kamar kullum. Salmanu ya yaye tawul da kansa, a hankali, yana kallon gefe wai shi abin bai dame shi ba.

"Bakin wayar ba wani abu ba ne. Amma na tarar maɓallanka duk sun saki, na ɗan taɓa su. Murɗa ka ji."

Abdulfattah ya dubi fararen layuka, ya dubi ƙusoshi. Ya miƙa hannu ya murɗa na farko. Ƙas! Ya tsaya. Ya murɗa baya. Ƙas! Gumi ya tsattsafo wa yaron a goshi.

"Baba… duka takwas ɗin?"

"Duka. Ai ba na rabin aiki."

"An gode, Baba. Allah ya ƙara girma. Allah ya bar mana ku."

Muryarsa har rawa take. Salmanu ya ji daɗi ya rufe shi, ya ce a ransa, dubi yadda godiya ta hana yaron nan magana. Ya bi shi da ido har ya hau babur, sai ya ga yaron ya manta takalminsa ɗaya, ya sa aka bi shi da shi.

Washegari ranar kasuwa ce, amma Salmanu ya kasa zama a rumfa. Yana so ya ga aikinsa yana aiki. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, filaya a aljihu kamar yadda ya saba, ya ce zai je ya ga Auta. Tun daga bakin layi ya jiyo sarewa tana tashi, sai ta katse, ta sake tashi, ta sake katsewa. Da ya yi sallama a ƙofar zaure sai ya ji an yi wani gurum-gurum a ciki, abubuwa na faɗuwa, aka daɗe kafin a amsa. Yana shiga ya tarar da Abdulfattah yana danna hular maɓalli na ƙarshe da tafin hannu, yana haki. Salmanu ya yi murmushi, ya ɗauka goge su yake yi don ya gani.

A kan tabarma kuwa ga Bakoji, wani dattijon makiyayi daga rugar da ke bayan Kakangi, tsohon mai kawo masa rediyo tun zamanin da ake sa mata manyan batura.

"A'a, mai rediyo! Kana nan da rai?" in ji Bakoji.

"Ina nan, tunda ka gudu ka bar ni. Me ya kawo ka nan da karan dawa a hannu?"

Bakoji ya ɗaga sarewarsa, ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda shekaru. Ya ce yayansa marigayi ne ya sassaƙa ta. Tun da dajin ya ƙi zama, 'ya'yansa suka kora sauran shanu suka yi kudu da jikokinsa, yanzu jikokin sun dame shi a waya, wai suna so su ji busar da yake yi musu in ana tatsa, a sa mata kiɗa kamar waƙoƙin da suke ji. "To tun hantsi muke nan. Kiɗan yaron nan faɗa yake da sarewata. Ni kuma motar Kakangi ba ta wuce azahar, ka san hanyar, ba a yin yamma a cikinta."

Abdulfattah ya yi bayani yana kallon tabarma. Sarewar ba ta kamfani ba ce, muryarta ta faɗa tsakanin haƙori da haƙori, dole sai an ja muryar na'urar a hankali har ta hau kanta daidai. Ya ɗauki dogon sauti ɗaya na sarewar ya sa kwamfuta tana ta maimaita shi, ya haɗa da sautin na'urar, suna fita tare a sifika. Ya kama maɓalli na uku ya ɗan murɗa, ya saki, ya share gumi, ya dubi agogo, ya saci kallon surukinsa. Hannunsa ya je kan hular kamar zai cire ta, sai ya janye.

Salmanu kuwa kunnensa ya riga ya miƙe. Sautin biyu suna karo da juna, suna wani wau-wau-wau da sauri. Ai ya san wannan! Shi ne kukan da rediyo ke yi in ana saita cikinta, ko in tasha biyu sun hau kan juna a gajeren zango. In kana matsowa daidai, rawar sai ta riƙa raguwa, in ka iso ta kwanta ɗif. Shekara talatin da huɗu yana farautar wannan kwanciyar da yatsa biyu.

"Malam Abdul, matsa mini nan. Hannunka yana da gaggawa."

Wa ya isa ya hana suruki kujera? Yaron ya tashi ya koma gefe ya durƙusa, ya dafe kai.

Salmanu ya naɗe hannun riga, ya ɗora babban yatsa da manuni a kan maɓallin, ya karkata kai. Ya murɗa kaɗan, kamar kaurin gashi. Wau-wau-wau ta ɗan lafa. Kai, abin nan yana jin magana! Ko numfashi ya yi da yatsan sai sautin ya amsa. Ya ƙara. Wau… wau… wau. Bakoji ya gyara zama. Jannatu, da ta kawo wa mahaifinta ruwa, ta tsaya da kofi a bakin labule. Salmanu ya ji dariya na taso masa daga ciki don daɗi. Wau…… wau. Saura ƙiris, saura abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Ƙas!

Maɓalli ya tsaya. Ya danna, ya ƙi. Ya koma baya, rawar sautin ta ƙaru. Ya sake zuwa gaba a hankali, ta ragu, ta ragu, ga kwanciya nan yana hangenta, ƙas! Ransa ya ɓaci, ya manta inda yake, ya daki cinyarsa.

"Kai! Wane marar hankali ne ya sa wa abu mai kyau haka bur…"

Maganar ta maƙale. Idonsa ya sauka a kan 'yar ƙusa, da farin layi, da lamba goma da aka rubuta da kyakkyawan rubutun da ya sani. Zauren ya yi tsit, ban da wau… wau da ke fita a sifika. Abdulfattah ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

Jannatu ce ta fara. Ta yi ƙoƙarin riƙewa, ruwan kofin ya shiga zuba, sai ta fashe da dariya har da durƙusawa. Auta ce, ba ta taɓa jin nauyin gaya wa ubanta gaskiya ba.

"Baba, wallahi haka Turawan suka yi shi, ba ya tsayawa! Tun jiya bawan Allahn nan yake cire hulunan yana murɗa tsiraran ƙarafan, yatsunsa duk sun yi ja. Da ya ji sallamarka ya hau mayar da su. Na ce bari in je in gaya maka, ya ce in na faɗa ba zai ci tuwona ba har sati!"

Bakoji ya kwanta a tabarma yana dariya yana dukan ƙasa da sarewa. "Mai rediyo! Gyaran gangar Abzinawa! Ashe kai ne ka tsare ni tun hantsi!"

Kunya ta lulluɓe Salmanu tun daga hula har tafin ƙafa. Ya so ƙasa ta tsage. Ya zo a ga gwaninta, ga shi ya huda wa yaro kayan sana'a wuri takwas, yaron kuma har da yi masa addu'a. Amma sautin nan bai daina kiransa ba, wau… wau, kuma yatsunsa sun san saura kaɗan. Ya sa hannu a aljihu ya zaro filaya. Ya kama ƙusar maɓalli na uku ya fizge, ta yi tsalle ta faɗa cikin kofin Jannatu. Ya bi sauran bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, aikin kwana biyu ya tafi cikin minti ɗaya.

Ya mayar da yatsa. Maɓallin ya wuce goma, ya wuce inda babu lamba, yana tafiya cikin laushinsa. Wau………… Ya ɗan gota, rawar ta dawo, ya koma baya da abin da ido ba ya gani. Sautin biyu suka kwanta suka zama ɗaya, miƙaƙƙe, babu ko motsi.

"Nan ne," in ji shi a hankali. "Kada wanda ya taɓa."

Abdulfattah ya yi wuf ya saki kiɗa. Bakoji ya tashi zaune, ya share hawayen dariya, ya kai sarewa baki. Wannan karon bai katse ba. Busar ta hau kan kiɗan ta zauna daram, ta yi sama ta sauko, dattijon ya lumshe ido yana kaɗa kafaɗa. Jannatu tana tafi a hankali. Salmanu yana zaune a kujera yana rawa da kai, ya manta da girma, har hularsa ta karkace. Sau ɗaya aka ɗauka, aka saurara, Bakoji ya ce a sake sa masa, aka sake. A karo na biyu bai yi dariya ba, ya dai ce, "Haka suke jin ta a ruga." Aka tura masa a waya, ya soke sarewa a ɗamara, ya fita da gudu-gudu yana kiran mai babur, ana kiran sallar azahar.

Jannatu ta ɗauke kofinta ta shige cikin gida tana ƙyaƙyatawa. Zaure ya rage daga suruki sai suruki. Salmanu ya dubi fuskar na'urar, ramuka takwas a jere, ga fenti ko'ina. Bai taɓa ba yaro haƙuri ba a rayuwarsa, bai ma san ta inda ake farawa ba. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Malam Abdul. Ramukan nan…"

"Wane rami, Baba? Ai iska za ta riƙa shiga, ba za ta yi zafi ba."

Salmanu ya yunƙura zai tashi, sai yaron ya matso da gwiwa, ya ɗago kai, karo na farko ya dube shi ido cikin ido.

"Baba, abin da kuka yi yanzu, ni sai in kwana biyu ban same shi ba. Ina kallon lamba ne a kwamfuta, ku kuwa ji kuke yi. Akwai wata garaya da na ɗauki sautinta tun watan jiya, ta gagare ni, mai ita har ya gaji da zuwa. Ba don Jannatu ta ce ba, wallahi. Ni ne nake roƙo."

Salmanu ya dube shi, ya ga babu tausayi a idon, buƙata ce tsagwaronta. Ya koma ya zauna. Ya cire hula ya ajiye a kan sifika, ya goge yatsu biyu a jikin rigar Juma'a, ya ɗora su a kan maɓalli.

"Sako ta mu ji," in ji shi.